Dick Tiger: Ɗan Damben da Ya Yi Ci-rani da Damtsensa

Lokacin da kwamitin wannan mujalla ya nemi in kawo wani abu na tarihi a fitowar bana, na san abin da ake tsammani shi ne in sake bin salsalar Mangawa, ko tasowar fada daga Tumbi zuwa Gumel, ko kuwa gwagwarmayar da kakanninmu suka sha da Damagaram. To, waɗannan duka waɗanda suka riga ni a wannan fili sun yi musu adalci, kuma sun fi ni sanin su. Saboda haka nake neman uzurin mai karatu in fita daga ƙasar Lautai, in ɗauko tarihin wani mutum wanda ba ɗan Gumel ba ne, ba Bahaushe ba ne, ba ma Musulmi ba ne, amma wanda duk ɗan masarautar nan da ke zaune a Kano ko Kaduna ko Legas ko Abuja, yana ƙuntata wa kansa domin ya aza bulo a gida, zai ga wani abu nasa a cikin rayuwarsa.

Sunan Dick Tiger a bakin wani baffana na fara jin sa, Allah ya jiƙansa da rahama. Fataucin shanu ya yi tun yana saurayi. Yakan yi sayayya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, a kora dabbobi, shi kuma ya tari jirgin ƙasan nan da ke tasowa daga Nguru ya bi ta Gagarawa zuwa Kano, daga nan sai Kurmi. Masaukinsa a Ibadan, wadda su suke kira Badun, shi ne unguwar Sabo, inda Hausawa masu shanu da masu goro suka kafa zango tun 1916. A daminar 1963, zamanin Sarkin Gumel Muhammadu Sani, muna cikin Lardin Kano, ciniki ya tsayar da shi a can har ya riski daren da zan ba da labarinsa nan gaba.

Shi baffan nan nawa mayen dambe ne. Ya tashi a lokacin da, idan kaka ta yi aka kai amfanin gona rumbu, mahauta sukan zaga ƙauyukan Sule Tankarkar da na Gagarawa da kalangunsu, a share fage a bakin kasuwa, samari su naɗe hannu da zare su fito ana yi musu kirari. Waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago kuwa, har ya tsufa idan aka sa ta ba ya iya zama wuri ɗaya. Damben Turawa dai raini yake yi masa ƙwarai. A ganinsa, ƙato ya cusa hannuwansa biyu cikin matashin kai, a kayar da shi ya tashi a ce ba a yi kisa ba, wannan ba dambe ba ne, wasan yara ne. Mutum ɗaya ne ya sa ya janye wannan magana.

Asali da tasowa

Sunansa na yanka Richard Ihetu. An haife shi ranar 14 ga Agusta, 1929, a ƙauyen Amaigbo da ke ƙasar Inyamurai, cikin jihar Imo ta yau. Gidansu manoma ne, kuma mahaifinsa ya rasu tun yana yaro, don haka bai yi nisa a makaranta ba. Ya bi 'yan uwansa zuwa Aba, babban garin kasuwanci, inda ya shiga neman abin kai wa baka ta kowace halattacciyar hanya, har da tsintar kwalabe yana wankewa yana sayarwa a kasuwa. A nan Aba ya fara dambe, a wasannin da ake shiryawa tsakanin kulob-kulob. Wani Bature da ya ga yadda yake duƙawa ya zabura kan abokin karawarsa shi ya laƙaba masa Tiger, wato damisa, sunan kuwa ya bi shi har kabari. A 1952 ya mayar da dambe sana'a.

Kafin mu ci gaba, ya kamata in ɗan fayyace bambancin damben nan da namu, domin wanda bai saba ba. A namu, turmi uku ake yi, hannu ɗaya ne mashi ɗaya garkuwa, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. A nasu kuwa hannu biyu ake bugu da su. Idan na kambun duniya ne, turmi 15 ake yi a wancan zamani (yanzu an rage zuwa 12), kowane turmi minti 3 da hutun minti 1. Faɗuwa ba ta gama wasa sai an ƙirga wa mutum goma bai miƙe ba, idan kuma aka kai ƙarshe kowa na tsaye, sai alƙalai su tara maki. Sannan ana auna nauyi, a haɗa kowa da tsaransa. Dick Tiger yana ajin matsakaita ne, waɗanda nauyinsu bai wuce laba 160 ba, kimanin kilo 72 da rabi ke nan. Gajere ne kakkaura, mai faɗin ƙirji da cinyoyi kamar turmi, ga tsagar gargajiya a ƙirjinsa da bayansa wadda Turawa suka riƙa kallo suna tambaya.

Sanyin Liverpool

A ƙarshen 1955 ya shiga jirgin ruwa zuwa Liverpool ta ƙasar Ingila, yana da shekara 26, shekarun da wasu 'yan dambe suka riga suka yi suna suka fara gangarowa. Abin da ya tarar ba daɗi. Ga sanyin da bai taɓa sani ba, ga abincin da bai karɓe shi ba, ga alƙalan da salon dambensa bai burge su ba. Wasanninsa huɗu na farko duka an cinye shi da maki. Manajan da ya fara riƙe shi ya sallame shi. Abin da yake samu a fage bai isa haya da ci ba, dole ya kama aikin leburanci a wata masana'antar fenti, ya yi yini yana aiki, da yamma ya tafi atisaye.

A nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Da yawa daga cikinmu mun san wannan shekara ta farko a birni: ɗakin da ake kwana mutum shida, sana'ar da aka zo dominta ta ƙi, ga kunyar komawa gida hannu rabbana. Wani a nan yake karaya ya koma, wani ya lalace a tasha. Tiger bai koma ba. Wani manaja mai suna Tony Vairo ya ɗauke shi, ya gyara tsayuwarsa, ya rage zabura barkatai, ya koyi matsawa jikin abokin karawa yana kai naushi gajere a haƙarƙari da muƙamuƙi.

A watan Mayu na 1957 aka kira shi Landan domin ya kara da wani saurayi mai tashe, Terry Downes, wanda Turawa suke ji da shi. Masu shirya wasan sun kawo baƙon ne domin a yi tsani da shi. Sai reshe ya juye da mujiya: Tiger ya kayar da yaron, ya farfasa masa fuska har aka tsayar da wasan. Shi Downes ɗin nan daga baya, a 1961, ya riƙe kambun duniya, wanda ke nuna ba kanwar lasa aka ba Tiger ba. Wata guda bayan haka, a Yunin 1957, Hogan Bassey mutumin Kalaba ya doke Cherif Hamia a birnin Paris ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya ci kambun duniya, sai idon masu harkar ya fara juyowa kan 'yan ƙasar nan. A watan Maris na 1958 Tiger ya yi wa Pat McAteer kisa a turmi na tara a Liverpool, ya karɓi kambun Daular Ingila.

Amma kuɗin dambe a Amurka yake. A 1959 ya sake ɗaura kaya ya haye New York, a hannun manaja Jersey Jones da mai horarwa Jimmy August. Can ma sai da ya sake biyan kuɗin baƙunta: kunnen doki a wasan farko, rashin nasara a na biyu, ya ci Joey Giardello sau ɗaya shi ma ya rama, ya rasa kambun Daular a Kanada a 1960 ya ƙwato shi a cikin shekarar. Daga nan ya bi manyan ajin ɗaya bayan ɗaya, irin su Florentino Fernandez da Henry Hank, har ya zamana ba yadda za a yi a kauce masa. 'Yan jaridar can sukan tsokane shi da tambayoyin raini, wai ko ana cin naman mutane a ƙasarsu. Maimakon ya fusata sai ya mayar da abin raha, ya ce ai sun daina tun da suka ci wani gwamnan Turawa ya ɓata musu ciki.

Ranar 23 ga Oktoba, 1962, a birnin San Francisco, ya hau fage da Gene Fullmer, mutumin jihar Utah, ƙaƙƙarfa mai taurin kai wanda ya taɓa karɓe kambu daga hannun Sugar Ray Robinson. Aka yi turmi 15 cur, alƙalai suka ba Tiger. Yana da shekara 33, shekara goma bayan fara sana'ar, mai tsintar kwalaben Aba ya zama zakaran duniya. Suka sake haɗuwa a Las Vegas a Fabrairun 1963 aka tashi kunnen doki, kambu ya zauna inda yake. Saura karo na uku, na raba gardama.

Daren Badun

Sai aka ce a kawo wasan gida. Ba a taɓa yin damben kambun duniya a Afirka ta Yamma ba, kuma wannan shekara 11 ke nan kafin Muhammad Ali da George Foreman su yi nasu a Kinshasa. Kuɗin da ake bukata ya fi ƙarfin ɗan kasuwa ɗaya, don haka gwamnatin tarayya ta Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da gwamnatocin jihohi suka tsaya wa abin, aka ɗauko Bature Jack Solomons daga Landan ya shirya. Aka zaɓi filin wasa na Liberty a Ibadan, wanda aka buɗe a 1960, aka kuma sauya masa suna zuwa na Obafemi Awolowo a 2010.

Sai an tuna halin da ƙasa take ciki sannan za a gane nauyin wannan dare. Jihar Yamma ba ta daɗe da fita daga dokar ta-ɓaci ba. Rigimar ƙidayar jama'a ta 1962 ba ta kwanta ba. Shi kansa Awolowo, wanda gwamnatinsa ta gina filin, yana tsare ana yi masa shari'ar cin amanar ƙasa, wata guda bayan wasan aka yanke masa shekara goma. A cikin wannan hayaƙi ne Inyamuri ya zo ƙasar Yarbawa zai kare kambu, Firayim Minista mutumin Bauci yana mara masa baya, ƙasa duka ta zama bakinta ɗaya.

Ranar Asabar, 10 ga Agusta, 1963, mutane wajen dubu talatin suka cika filin. Baffana bai shiga ba. Ya ce kuɗin tikiti ya fi ƙarfin aljihunsa, ni kuwa ina zaton zuciyarsa ya fi ƙarfi, domin bafatake ba ya son taɓa uwar kuɗi. A teburin wani mai shayi a Sabo suka yi cincirindo a kan rediyo ɗaya, wani yaro ɗan makaranta yana yi musu tafinta, in abin ya yi zafi ya manta da su ya shiga ihu da Turanci sai an daka masa tsawa. Tun daga turmin farko Tiger ya hau Fullmer da bugu, bai ba shi sararin numfashi ba. Jini ya rufe wa Baturen fuska, amma ya ƙi faɗuwa. Bayan turmi na bakwai mutanensa suka ce ya isa. Daga wannan dare Fullmer bai sake hawa fage ba.

Abin da baffana ya riƙe daga daren, wanda ya sha maimaita mana, abu biyu ne. Na farko, ya yarda cewa mutumin da zai tsaya minti 21 ana kirɓarsa haka bai durƙusa ba, da wanda yake kirɓar, dukansu maza ne ko a gaban Shago. Na biyu, har gari ya waye Bahaushe da Bayarabe da Inyamuri suna rungumar juna a titi, direbobi suna ta matsa oda, wani Bayaraben da suka yi kwana uku suna ja-in-ja a kan kuɗin bijimi ya saya masa shayi. Yakan ce bai sake ganin irin wannan dare a ƙasar nan ba. A shekarar ce kuma Sarauniyar Ingila ta ba Tiger lambar girma ta MBE. A riƙe wannan lamba, za mu sake haɗuwa da ita.

Wata huɗu kacal bayan haka, ranar 7 ga Disamba, tsohon abokin hamayyarsa Giardello ya karɓe kambun da maki a Atlantic City, ta hanyar bugu yana ja da baya, ya ƙi tsayawa a yi gaba da gaba. Ya yi alkawarin zai ba shi damar ramuwa, sai ya shiga yi masa yawo da hankali har kusan shekara biyu, da fatan tsufa zai yi masa aiki. Tiger ya jira. A cikin jiran ne, a Mayun 1965, ya kayar da Rubin Carter sau uku a wasa ɗaya. Ranar 21 ga Oktoba, 1965, a zauren Madison Square Garden na New York, ya ƙwato kambunsa yana da shekara 36. Emile Griffith ya raba shi da shi a Afrilun 1966, a hukuncin da da yawa daga 'yan kallo ba su gamsu da shi ba. Kowa ya ce to, tsoho ya gama. Maimakon ya ajiye, sai ya haura aji na gaba, na masu laba 175, inda kowa ya fi shi tsawo da nauyi. Ranar 16 ga Disamba, 1966, ya doke José Torres ya zama zakaran duniya a aji na biyu, abin da tun Bob Fitzsimmons a 1903 ba wanda ya haɗa waɗannan kambuna biyu. Da suka sake karawa a Mayun 1967 ya kuma cin sa, magoya bayan Torres suka yi ta jifa da kwalabe da kujeru.

Inda kuɗin ya tafi

Tarihin 'yan dambe cike yake da waɗanda suka samu dukiya da safe suka wayi gari ba ko anini. Tiger ba ya cikinsu, har ma abokan sana'arsa suna yi masa kallon marowaci. Yana zakaran duniya amma jirgin ƙasan talakawa na ƙarƙashin ƙasa yake hawa a New York, ƙaramin masauki yake kama, ba ya shaye-shaye, ba ya tara 'yan kore. Da an gama wasa an biya shi sai ya nufo gida. Amurka a wurinsa gona ce, ba gari ba. Abin da ya samu ya zuba shi a gidaje da filaye da harkokin kasuwanci a Aba da wasu biranen Nijeriya, ya riƙe iyali mai 'ya'ya takwas da dangi masu yawa. In da za a ba shi katin wannan ƙungiya tamu, da shi ne mamban da ba a taɓa bin sa kuɗin wata ba.

Wannan ya sa nake so in ɗan ratse, tun da bakin ya zo. Yau ma akwai samarin ƙasar Hausa, har da na yankinmu, da suke ci da damtsensu a gidajen dambe irin na Dei-Dei a Abuja da dandalin Ado Bayero a Kano, wasu a ɓangaren Kudu, wasu Arewa, wasu Guramaɗa. A 'yan shekarun nan ma kamfanoni sun shigo, ana ɗaukar wasan ana sa wa a YouTube, mutanen da ba su san inda Maigatari take ba suna kallo daga ƙasashen duniya. Ana yi wa yaro liƙi, ya ci babur, wani har mota. Amma kasuwar damtse gajeriya ce, ba ta kai wa la'asar. Ba ina cewa ƙungiya ta buɗe gidan dambe ba ne. Malamanmu suna da maganarsu a kan bugun fuska, kuma magana ce mai nauyi. Abin da nake cewa shi ne, muna da jerin sunayen likitocinmu da lauyoyinmu da manyan sakatarorinmu, muna buga hotunansu a wannan mujalla kowace shekara, amma ban taɓa jin reshenmu na wani birni ya nemi yaranmu da ke wannan sana'a ya tambaye su me suka ajiye ba. Sai ranar da aka sauke ɗaya a tashar Gumel hannu ya mutu, ko magana ta fara sarƙewa, sannan a ce ai ɗan gidan wane ne.

Yaƙi

Tanadin Tiger ya tsare shi daga abin da ke cin 'yan dambe. Bai tsare shi daga abin da ya ci ƙasa ba. A Janairun 1966 sojoji suka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da manyan hafsoshin Arewa, raunin da har yau bai gama warkewa a zukatanmu ba. A watannin da suka biyo baya kuma aka kashe dubban Inyamurai a biranen Arewa, cikinsu har da Kano, waɗanda suka tsira suka kwarara gida a jiragen ƙasa da manyan motoci. Wannan ma ya faru, kuma tarihin da ya faɗi na farko ya haɗiye na biyu ba tarihi ba ne. A ƙarshen Mayun 1967 Ojukwu ya yi shelar Biyafara, a Yuli yaƙi ya ɓarke.

Tiger ya bi mutanensa, bai kuma yi rabi da rabi ba. Mutumin da shekara huɗu baya aka ɗaga tutar Nijeriya a kansa a Ibadan, yanzu ya ce a daina kiransa ɗan Nijeriya. Bayan ya kare kambunsa a hannun Roger Rouse a Nuwamban 1967, ya koma gida aka ba shi muƙamin laftana a rundunar Biyafara, aikinsa horar da sababbin sojoji motsa jiki da ƙarfafa musu gwiwa. Da ya koma Amurka kuwa duk ɗan jaridar da ya zo tambayarsa dambe sai ya ɗauko masa hotunan yaran da yunwa ta kumbura wa ciki. Kaso mai yawa na abin da yake samu ya tafi can.

Mu da muka fito daga gidajen da suka ba da 'ya'yansu ga rundunar tarayya, wasu ba su dawo ba, ba za mu ce hanyar da ya bi daidai ce ba. Ni dai ina ganin raba ƙasar nan da an yi, da kowa ya yi asara, har da su. Amma ina tambayar kaina, in da Gumel ce ake yi wa ruwan bama-bamai, ni kuma ina wata ƙasa da suna da kuɗi da bakin da duniya ke saurare, me zan yi? Ban sami amsar da za ta ba ni damar zagin sa ba. Baffana ma, wanda ƙanensa ya yi yaƙin, ban taɓa jin ya ambace shi da mugun baki ba. Iyakarsa ya girgiza kai.

Bukatar kuɗi ce ta sa ya karɓi wasan da masu hankali suka guje wa. Bob Foster dogo ne, ya fi shi tsawo da kusan inci bakwai, ya girme shi da ƙuruciya, ga naushin hagu da ake tsoro. An yi wa Tiger alkawarin dala 100,000. Ranar 24 ga Mayu, 1968, aka buga taken Biyafara a Madison Square Garden, a turmi na huɗu kuma hagun Foster ta same shi a muƙamuƙi. Karo na farko ke nan, kuma na ƙarshe, da aka ƙirga masa goma a duk rayuwarsa. Wata huɗu bayan haka Aba ta faɗa hannun sojojin tarayya. Gidajen da ya yi shekara goma yana hawa jirgin talakawa domin ya gina su suka koma bayan layin wuta, ba haya, ba labari.

Duk da haka bai daina ba. A Oktoban 1968 suka yi wani irin ɓarin jini da Frankie DePaula, kowa ya faɗi sau biyu, Tiger ya ci, mujallar The Ring ta zaɓe shi wasan shekara. A Mayun 1969, saura kaɗan ya cika arba'in, ya doke Nino Benvenuti na Italiya wanda yake riƙe da kambun matsakaita a lokacin, sai dai ba a sa kambun a wasan ba. A ƙarshen shekarar ya naɗe lambar nan ta MBE ya aika wa ofishin jakadancin Ingila a Washington, saboda makaman da Ingila take ba gwamnatin tarayya. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 15 ga Janairu, 1970, Biyafara ta miƙa wuya.

Komawa gida

Janar Gowon ya yi shelar afuwa, amma Tiger bai amince ya dawo nan da nan ba, domin ya san bakinsa ya yi tsawo a idon duniya. Wasansa na ƙarshe ya yi shi ne ranar 15 ga Yuli, 1970, Emile Griffith ya sake cin sa da maki. Jimillar abin da ya yi wasa 82: ya ci 60, an ci shi 19, kunnen doki 3. Daga nan zakaran duniya sau uku ya sa inifom ya kama aikin gadi a wani gidan adana kayan tarihi a New York. Waɗanda suka san shi a lokacin sun ce yana zuwa aiki a kan kari, kamar yadda yake zuwa masana'antar fenti a Liverpool.

Yana wannan aiki ne ciwon ciki ya kama shi, likitoci suka ce kansar hanta ce, kuma ta yi nisa. Sai ya ce gida zai tafi. A tsakiyar 1971 ya sauka Legas, jami'an tsaro suka yi masa tambayoyi suka karɓe fasfonsa, suka bar shi ya wuce Aba. Da jikin ya tsananta ya nemi a ba shi fasfon ya fita neman magani, ba a ba shi ba. Ya rasu ranar 14 ga Disamba, 1971, yana da shekara 42, aka kai shi Amaigbo aka binne. Akwai makarantar sakandare a garin da take ɗauke da sunansa. A 1991, shekarar da aka ba mu jihar Jigawa, Amurkawa suka shigar da shi zauren tunawa da gwarazan damben duniya da ke Canastota a jihar New York.

Baffana bai ji rasuwar a kan lokaci ba. Sai bayan sallar layya ta shekarar da ta biyo, ya kai shanu Badun, ya zauna a teburin mai shayin nan na Sabo ya tambayi labarin Damisa, sannan aka gaya masa.